Game Show Network ko Buzzr: Ɗan Haya da Mai Gida a Kasuwar Tsofaffin Gasannin Talabijin

Lokaci zuwa lokaci sai sanarwa ta fito a Amurka cewa wata tashar kebul ta sayi tsofaffin shirye-shiryen gasa, za ta fara maimaita su daga wata mai kamawa. Masu sha'awar abin su yi ta murna, wasu har su buga wa kamfanin kebul waya su ce a ƙara musu tashar. Kalmar saye ɗin nan ce take ruɗar mutane. Galibi haya ce aka karɓa. Tashar ta biya mai rumbun faifan kuɗi, ya ba ta fitowa kaza na shirin kaza, na tsawon shekara ɗaya ko biyu, kuma ranar da wa'adi ya cika in ba a daidaita ba shirin ya ɓace daga jadawali kamar ba a taɓa yin sa ba. Wanda zai zaɓa tsakanin Game Show Network da Buzzr, tashoshi biyun da suka yi suna da wannan harka, abin da ya kamata ya fara sani ke nan: wace ce take da kayan, wace ce take aro.

Ni dai ban shiga wannan bincike don nishaɗi ba. Kawuna ne ya zo jinyar gwiwa ya zauna wurina wata biyar, kuma zuwan nasa ya faɗo tsakiyar hunturu, lokacin da ko mai lafiya ba ya marmarin leƙa waje. Tsohon malamin makaranta ne, Turancinsa irin na mutanen da, mai tsabta. Kwana uku ya yi yana kallon labarai, a na huɗu ya ajiye rimot ya ce, "Ɗana, mutanen nan ba su da kacici-kacici ne? Kullum faɗa da hasashen yanayi?" A gida ba abin da yake jira kamar Who Wants to Be a Millionaire na Frank Edoho, yana zaune yana amsa tambayoyi kafin ɗan takara ya buɗe baki. Sai na ce, "Kawu, ai nan ne gidansu." Daga nan zaɓi ya zo gabana: ko in ƙara kuɗin wata a buɗe mini Game Show Network, ko in sayi eriya in kamo Buzzr a iska.

Game Show Network ce babba a shekaru. Kamfanin Sony ne ya buɗe ta ranar 1 ga Disamba, 1994, kuma ba hannu rabbana ya shigo ba. Ta hanyar sayen Columbia Pictures a 1989 ya gaji kamfanin Merv Griffin, wato Jeopardy! da Wheel of Fortune. Yana riƙe da kayan Chuck Barris, irin su The Newlywed Game da The Dating Game da The Gong Show, ga kuma The Joker's Wild da Tic-Tac-Dough na Barry da Enright, ga Pyramid na Bob Stewart. Waɗannan nasa ne, ba wanda zai zo ya ce a dawo masa da su. Kafin wannan lokaci tashoshin kebul irin su USA Network kan ware 'yan awoyi da rana su maimaita tsofaffin gasanni, amma tashar da ba ta da wani aiki dare da rana sai wannan, Game Show Network ce ta fara.

Sai dai abin da ya jawo mata masu kallo a shekarun farko ba kayan Sony ba ne kaɗai. Rumbun Mark Goodson da Bill Todman ne, mutum biyun da kamfaninsu ya shirya What's My Line? da To Tell the Truth da I've Got a Secret da Password da Match Game da Family Feud da Card Sharks da The Price Is Right. Wannan rumbu kuwa haya aka ba ta. Todman ya rasu a 1979, Goodson ya bi shi a Disamban 1992, daga nan dukiyar ta fara sauya hannu. Kamfanin All American ya saye ta a 1995, Pearson na Ingila ya haɗiye All American a 1997, daga baya sashen talabijin na Pearson ya shiga cikin RTL Group aka raɗa masa suna FremantleMedia a 2001. Ana cikin wannan sauye-sauye ne wa'adin haya ya cika. Daga 11 ga Oktoba, 1997 zuwa 18 ga Afrilu, 1998 tashar ta rasa kusan dukkan shirye-shiryen Goodson da Todman, aka bar ta da The Price Is Right da zango ɗaya na Family Feud. Wata shida ta yi tana cike gurbi da abin da ya samu daga cikin kayan Sony, har masu kallo na lokacin suka sa wa wannan tsakani sunan zamanin duhu, kuma sunan ya bi shi har yau. An daidaita, kayan sun dawo, amma a 2000 The Price Is Right ya fita bai sake komawa ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Ina ganin wannan ciwo ne ya koya wa tashar darasi, ko da yake akwai batun kuɗin talla ma, domin masu talla ba sa biyan kuɗi mai kauri a kan shirin da galibin masu kallonsa 'yan fansho ne. Sannu a hankali ta koma yin nata. Ta farfaɗo da Lingo a 2002 da Chuck Woolery. A Maris na 2004 ta taƙaita sunanta zuwa GSN ta shigo da wasannin karta na kuɗi, har High Stakes Poker ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da aka san ta da su. Shirye-shiryen baƙi da fari, waɗanda a da suke da nasu dare na musamman, aka tura su tsakar dare, daga 2009 kuma suka daina zama abin kullum. A 2012 ta fito da The American Bible Challenge, a 2013 ta kawo The Chase daga Ingila, a 2018 ta fara America Says, ta kuma koma cikakken sunanta na asali. Mallakarta ma ta yi yawo: Liberty Media ya sayi rabi a 2001, rabon ya bi ta hannun DirecTV ya kai ga AT&T, sai a Nuwamban 2019 Sony ya sayi kason da ya rage a hannun AT&T ya zama shi kaɗai. Wanda ya kunna tashar yau, abin da zai fi cin karo da shi biyu ne: gasannin da ta shirya da kanta a 'yan shekarun nan, da Family Feud na zamanin Steve Harvey, wanda ya karɓi shirin a 2010. Shi ma Family Feud ɗin na Fremantle ne. Wato abin da ya fi riƙe mata masu kallo har yanzu na haya ne.

Buzzr kuwa mai gidan ne ya gaji da ba da haya kaɗai ya buɗe nasa shago. Fremantle ya fara amfani da sunan a YouTube a 2014, sannan ya mai da shi tashar talabijin ranar 1 ga Yuni, 2015, da rumbun da kamfanin ya ce ya kai fitowa wajen 40,000. Shirin da aka buɗe da shi shi ne fitowar gwaji ta Let's Make a Deal ta 1963. Abin da ya ba da damar hakan shi ne komawar da gidajen talabijin na Amurka suka yi zuwa tsarin dijital a Yunin 2009. A sabon tsarin, gidan talabijin ɗaya yana iya raba zangon da aka ba shi ya fitar da tashoshi uku ko huɗu ko fiye, shi ya sa za ka ga lamba mai ɗigo, babbar tasha tana kan ɗigo ɗaya, ƙananan suna biye da ita. Gidajen talabijin na Fox ne suka fara ɗaukar Buzzr a irin wannan gurbi a manyan birane. Ba kebul, ba dikoda, ba kuɗin wata. Daga baya ta shiga manhajojin kallo na kyauta irin su Pluto TV, inda talla ce take biyan kuɗin.

A Buzzr ne Kawu ya samu abin da yake nema, ko da yake ba irin wanda ya zata ba. Ya zo yana neman tambaya mai amsa huɗu da miliyoyin kuɗi, sai ya faɗa hannun What's My Line?, shirin da tashar CBS ta nuna daga 1950 zuwa 1967. Tsarin ba shi da wuya. Mutum huɗu suna zaune, maza da kwat mata da kwalliyar fita biki, sai a shigo da baƙo ya rubuta sunansa a allo. Masu kallo an nuna musu sana'arsa, su huɗun ba a nuna musu ba. Su yi ta tambaya, shi kuma ba ya cewa komai sai e ko a'a. Duk a'a ɗaya, mai gabatarwa John Daly ya juya kati ɗaya na dala 5, in an kai goma baƙo ya ci wasa ya tafi da dala 50. Kuɗin ke nan gaba ɗaya. A ƙarshen shiri su huɗun su ɗaure idanunsu a shigo da wani shahararre, yana sauya murya don kada su gane shi. Muhammad Ali ya taɓa zama a wannan kujera a 1965. Abin da ya fi ba Kawu dariya shi ne labarin Kanar Sanders mai KFC, wanda ya zo a 1963 a matsayin baƙo na gama-gari, da farin gemunsa da komai, ba a ɗaure wa kowa ido ba, domin a lokacin fuskarsa ba ta zama tambarin da duniya ta sani ba. Kawu ya ce wannan ai wasan ƙwaƙwalwa ne na dattawa, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya gama magana.

Akwai dalilin da ya sa rumbun Goodson ya zama zinariya, kuma ya shafi zaɓin kai tsaye. A shekarun 1960 da 1970 faifan bidiyo na gidan talabijin yana da tsada, kuma ba wanda ya ɗauka wani zai so ya sake kallon gasar da aka riga aka san wanda ya ci. Don haka gidajen kan goge faifan su sake ɗaukar wani shiri a kansa. Jeopardy! na asali, wanda Art Fleming ya gabatar a NBC daga 1964 zuwa 1975, kaɗan ne ƙwarai ya tsira daga cikinsa. Password na ABC na farkon shekarun 1970 ma haka, ko da yake na Goodson ne. Amma a dunƙule kamfanin Goodson ya fi sauran adana kayansa, har da na zamanin da ake ɗora kyamarar fim a gaban allo a ɗauki shiri yana tafiya kai tsaye. Saboda haka in ana maganar tsofaffin gasannin Amurka da za a iya maimaitawa, kaso mafi tsoka yana hannu ɗaya, kuma hannun shi ne mai Buzzr. Ga shi kuma Pearson ya sayi kamfanin Reg Grundy tun 1995, abin da ya ƙara Sale of the Century a cikin rumbun.

Batun kuɗi a fili yake, sai dai akwai inda yake da ƙugiya. Game Show Network ba a samun ta sai an biya, ko ta kebul ko ta tauraron ɗan'adam ko ta manhajojin biya irin su Philo da Sling da Frndly TV, waɗanda suka fi kebul sauƙi nesa ba kusa ba. A wasu kamfanonin kebul ba ta cikin kunshin farko, sai ka hau mataki na gaba. Na taɓa hawa irin wannan mataki a wani kamfani saboda ƙwallo, aka ba ni farashin talla na shekara ɗaya, a wata na goma sha uku takardar kuɗi ta zo ta kusa ninkawa, kuma laifina ne da ban karanta ƙananan rubutun ba. Tun daga nan nake tsoron duk abin da aka ce sai an sa hannu. Buzzr kyauta ce, amma kyautar tana da sharaɗi: sai wani gidan talabijin na garinku yana ɗauke da ita, sai kuma eriyarka tana kamawa. Na sayi eriya ta dala 25, falle ɗaya kamar murfin littafi. Na manna ta bayan talabijin, ba komai. Na mayar da ita saman kabad, sauti ya zo hoto yana tsinkewa gida-gida. Kawu yana kan kujera da ƙafa a miƙe yana ba da umarni, "Ɗan matsa dama. A'a, ka wuce. Tsaya nan, kada ka motsa." Na tsaya da hannu a sama kamar mai kiran salla, uwargida tana dariya daga kicin. A ƙarshe jikin gilashin taga muka lika ta da salatif, aka sake binciken tashoshi, sai ga ta. Wanda yake zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko bayan dogon bene, kada ya wahalar da kansa, ya bi ta intanet. Kuma gidan talabijin na gari yana iya sauke ƙaramar tasha ya ɗora wata ba tare da ya yi shawara da kowa ba, wanda shi ma wani nau'in rashin tabbas ne.

Yadda ake nuna shirin ma abin dubawa ne. Tsohon shiri na rabin awa an yi shi ne a zamanin da talla ba ta kai ta yau yawa ba, don haka duk tashar da za ta maimaita shi sai ta nemo wa tallarta wuri. Hanyoyin sanannu ne: a yanke gaisuwar farko, a cire inda ake bayanin kyaututtukan ta'aziyya, a matse sunayen ma'aikata na ƙarshe a gefen allo, wani lokaci a ɗan ƙara wa faifan gudu. Masu bin Game Show Network sun daɗe suna ƙorafi a kan wannan. Buzzr a farkonta ta yi wani abin da ya burge mutane, ta ba shirye-shiryen baƙi da fari minti 40 maimakon 30 don a nuna su da tallace-tallacensu na asali, amma ita ma tana yanka, kuma tana sayar da wasu awoyi ga masu dogon tallan kaya. Tallar da ke cikin tashoshin biyu kusan iri ɗaya ce, magani da inshorar tsofaffi da kujerar hawa bene. Inda suka bambanta shi ne hoto. Kayan Game Show Network na yanzu sun cika allo, tas da su. Na Buzzr murabba'i ne da baƙin gefe hagu da dama, kalar shekarun 1970 mai yawan ruwan lemo da ruwan ƙasa. Yarana sun ce kamar ana kallo ta cikin kwalbar shayi.

Sai maimaici a cikin maimaici. Mutum zai ɗauka mai fitowa 40,000 ba zai taɓa nuna abu sau biyu ba. Ba haka ba ne. Tsohon faifai sai an juya shi zuwa dijital, an duba shi, an tace abin da ba za a iya sake nunawa ba, kuma duk wannan kuɗi ne. Don haka Buzzr kan juya rukuni ɗaya ta yi ta zagaye da shi watanni kafin ta ƙaro wani. Kawu, da yake kullum yana gaban allo, cikin wata na uku ya fara cewa, "Wannan matar ai ta ci jiya, za ta faɗi a tambaya ta uku." Game Show Network ita ma tana zagaye, sai dai nata zagayen ya fi faɗi a kan shiri ɗaya: awa bayan awa na Family Feud. Wanda Steve Harvey yake ba shi dariya ya samu aljannar duniya. Wanda bai dame shi ba zai ga kamar rimot ya lalace.

Akwai ma'aunin da ba za ka gani a sharhin Amurkawa ba amma a gidan Bahaushe shi ne kan gaba: me za ka iya kallo da kawunka a gefe da 'ya'yanka a ƙasa? A nan kada kowa ya ruɗe da cewa tsoho shi ne mai tsabta. Match Game na Gene Rayburn, wanda ya yi tashe daga 1973, an gina shi ne a kan jimla mai gurbi da taurari shida za su cike, kuma rabin dariyar habaici ne na batsa. Richard Dawson, wanda ya fara Family Feud a 1976, ya shahara da sumbatar duk macen da ta zo gasa, matar aure ko budurwa, a gaban mijinta ko ubanta. Ranar da Kawu ya fara ganin haka salati ya yi ya ce, "Mijin yana tsaye yana tafi?" Na Steve Harvey babu sumba, amma tambayoyin da yawa an tsara su ne don a ja wani ya faɗi abin kunya, shi kuma ya saki baki yana kallon kyamara. Ni a wurina wannan ya fi wuyar zama da surukai, domin na Dawson ka san lokacin da zai zo ka kau da kai, na Harvey kuwa ba ka san daga bakin wa zai fito ba. Waɗanda ban taɓa neman rimot a kansu ba su ne Password da What's My Line? da To Tell the Truth da Classic Concentration da Supermarket Sweep a Buzzr, sai America Says da The Chase da Master Minds a ɗaya ɓangaren. Wanda kuma ba ya son ganin karta a gidansa ko da ta wasa ce, ya san cewa Card Sharks da manyan katunan karta ake yin sa.

Ga mai son gyara Turanci, musamman sabon zuwa, Password ya fi wani darasin da ake biya. Allen Ludden ne ya fara gabatar da shi a 1961, kuma a nan ya haɗu da 'yar wasan kwaikwayo Betty White wadda ya aura. Ana ba mutum kalma a ɓoye, shi kuma ya ba abokinsa alama da kalma ɗaya tak, har ya canka. Kalmar tana rubuce a ƙasan allo, kana gani kana jin yadda ake kewaya ta da kishiyarta da 'yar'uwarta. Sai dai Turancin na wancan zamani ne, kuma tambayoyin da suka shafi taurari da 'yan siyasar 1975 ba za su amfani kowa ba yau. Family Feud da America Says sun fi nuna maka yadda Ba'amurken yanzu yake tunani, domin amsoshin daga bakin mutanen da aka tambaya aka tattaro su, a Family Feud mutum 100 kowace tambaya. Yara kuma, in an bar su, Game Show Network za su zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

Kada in yi wa Game Show Network rashin adalci, domin akwai abin da ɗan haya mai kuɗi da ma'aikata yake iya yi wanda ya wuce maimaici. Misalin da ba a mantawa shi ne na Michael Larson, wani mai tuƙa motar sayar da askirim daga jihar Ohio. Press Your Luck shiri ne mai allo na gida 18, haske yana tsalle daga gida zuwa gida, ɗan takara ya danna ya tsayar da shi, ko ya faɗa kan kuɗi ko ya faɗa kan wani ɗan jan dodo mai suna Whammy ya kwashe duk abin da ya tara. Larson ya yi ta naɗar shirin a bidiyonsa na gida yana tsayarwa yana dubawa, har ya gano cewa hasken ba yawo yake yi barkatai ba, hanyoyi biyar ne kacal yake bi, kuma akwai gida biyu da dodon ba ya taɓa zama. Ya haddace, ya je a 1984, ya tashi da dala 110,237 na kuɗi da kaya. CBS ta bincika ba ta sami magudi ba, ta biya shi, amma aka kulle waɗannan fitowa biyu ba a sake nuna su ba shekara da shekaru. Game Show Network ce a 2003 ta fito da su a cikin wani shiri na musamman, ta nuna yadda ya yi dalla-dalla, kuma ya zama shirin da ya fi kowane jawo mata masu kallo zuwa wancan lokaci. Irin wannan aiki sai tashar da take da kasafin shirya sabon abu. Buzzr nata gwanintar ta tono ce: takan ware lokaci ta nuna fitowar gwaji ta shirye-shiryen da ba a taɓa saya ba, abin da ba wanda zai iya sai mai makullin rumbu.

Ita ma Buzzr ba komai ne nata ba. Classic Concentration, wanda Alex Trebek ya gabatar, kamfanin Goodson ne ya shirya shi amma NBC ce take da shi, sai a 2018 Buzzr ta karɓo shi haya. Let's Make a Deal ma asalinsa na Monty Hall da abokinsa Stefan Hatos ne. A lokacin da Kawu yake nan ana nuna shi, kuma a nan ne muka yi saɓani da Amurkawa. Mace ta zaɓi labule, aka buɗe, maimakon mota sai ga awaki, jama'a suka yi ta ihun an yi asara. Kawu ya gyara zama ya ce, "Asarar me? Uwa ce da 'ya'ya biyu fa." The Price Is Right na zamanin Bob Barker, wanda ya riƙe shirin daga 1972 zuwa 2007, yana da tasharsa ta kansa da aka buɗe a Pluto TV a Disamban 2020, ita ma kyauta. Jeopardy! da Wheel of Fortune kuwa na Sony ne, don haka in za su fito a ɗaya daga cikin biyun, a Game Show Network za a gan su, kuma sukan shigo jadawalinta su fita.

Saboda haka in ka ji sanarwar cewa tasha ta samo tsohon shirin da kake so, kafin ka taɓa aljihu ka nemi sanin wane zango aka karɓo, domin Family Feud na Dawson da na Ray Combs da na Harvey suna ɗaya ne kawai suka haɗa. Ka duba ƙarfe nawa za a riƙa sa shi, don sau da yawa tsofaffin kaya da safe ake jibge su lokacin da kake wurin aiki. Ka duba kuma wa yake da shirin. In na Fremantle ne, akwai yiwuwar yana Buzzr kyauta ko zai koma can. Kada ka ɗaure kanka da yarjejeniyar shekara biyu saboda shirin da tashar kanta wataƙila shekara ɗaya ta karɓa. In har sai Game Show Network, ka bi ta manhajar da ake biya wata-wata, wadda za ka iya tsayarwa ranar da ka ga dama.

Wanda abin da yake so shi ne tsofaffin gasanni na gaske, daga 1950 zuwa wajen 1990, Buzzr ce tasa, kuma ba sai ya biya ko sisi ba bayan kuɗin eriya. Wanda yake son hoto mai kyau, da tambayoyin zamani, da abin da matasan gida za su zauna su kalla tare da shi, Game Show Network ta cancanci kuɗinta, amma ya shiga da sanin cewa sunan tsohuwar tasha ce kawai, kayan cikinta sababbi ne. Masu karatu daga gida kuwa, tashoshin biyu don kasuwar Amurka aka yi su, sai dai Buzzr tana zuba wasu shirye-shiryenta a YouTube, kuma tsofaffin fitowar What's My Line? suna nan da yawa a can.

Mu dai eriya muka tsaya a kai, ban ƙara wa kamfanin kebul ko dala ɗaya ba. Da Kawu zai koma, gwiwa ta warke, ya sa na sauke masa fitowa goma sha biyu na What's My Line? a waya, ya ce zai nuna wa abokansa na majalisa yadda ake tambaya ba tare da an katse juna ba. Eriyar tana nan a jikin taga, salatif ɗin ya fara sakewa ta gefe ɗaya.